Zan iya haɗa ma Hilux ɗina rediyo da sifika da kaina, ko dole sai riwaya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nike nema. Hilux ɗina ƙirar 2010 ce mai gida biyu, rediyon da ta zo da shi ya gaji, CD baya karantawa, sifikar ƙofar direba kuma sai kaɗa-kaɗa take kamar ta yage. Na sawo rediyon Pioneer mai bulutut da sifiku huɗu inci 6.5, kuma wani ƙanena ya bani amfilifaya (na'urar ƙara ma sifiku ƙarfi) da ƙaramar wufa (sifikar kaurin sauti) da ya cire daga motarshi. Ina da sukudireba da filaya da mita, ni nike gyaran wutar gidana, shine nace ko in zauna ranar Asabar in haɗa abina da kaina? Wanda ya taɓa yi ya faɗa mani inda ramin yake.

Usta Riwaya: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kawo ta gareji.

Ɗan Daura Mai Wufa: Hhhhh Usta ko gaisawa ba a ida ba har ka buɗe aljihu

Usta Riwaya: Kai yaro ba maganar aljihu bace. Wutar gida daban wutar mota daban. Mutane suna raina ta don sun ji ance bolt 12 ce bata jan mutum, to bata ja amma tana ƙonawa. Batirin mota idan waya ta taɓa bodi yana iya turo ɗaruruwan amfiya nan take, kafin ka zagayo ka buɗe bonet roba ta narke kafet ya kama. Satin da ya wuce aka jawo mani wata a-kori-kura daga hanyar Mani, mai ita ya ja wayar amfilifaya daga kan batir har bayan kujera babu fis ko guda, ya bi da ita ta hudar ƙarfe babu roba, gargadar hanya ta yi ta gurza ta har ta fere. Allah ne ya tsare yana kusa da masu wankin mota.

Injiniya Ɗan Poly: Baba Usta gaskiyarka, amma labarin nan naka ai dalili ne na a koya ma mutum ya yi daidai, ba a hana shi ba. Baban Ummi aikin nan kashi biyu ne. Canza rediyo da sifikun ƙofa, wannan duk mai haƙuri zai iya. Amfilifaya ita ce mai buƙatar natsuwa. Ka fara da na farkon.
Kafin ka taɓa komi ka kwance kan batir na negetif, ka kauda shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 saboda iyabag, jakar iskar nan da ke fitowa in an yi hatsari. Duk soket ɗin da ka gani ruwan ɗorawa ne shi da rigar wayarshi a ƙarƙashin dashbod ko wajen sitiyari, na iyabag ne, ba ruwanka da shi, kar ka soka mashi tasta.
Wayoyin bayan sabon rediyonka kuwa kusan duk kamfanoni kala ɗaya suke bi. Ruwan ɗorawa wuta ce ta dindindin, ita ke riƙe mashi tashoshi da agogo. Ja ita ce ta makulli, sai ka murɗa take kawo wuta. Baƙa ta jikin mota ce. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke tada amfilifaya. Sifiku: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, ruwan makuba baya dama, kowace tana da 'yar uwarta mai ratsin baƙi wadda ita ce negetif.

Baban Ummi: Madalla Injiniya, na kwafe. To sai in yanke na motar in haɗa kala da kala kenan?

Injiniya Ɗan Poly: A'a!! Nan ne ramin da kake tambaya. Kalolin Toyota daban suke da na Pioneer, idan ka bi kala da kala ka gama da rediyon. Kuma ma kada ka yanke komi. Toyota na wancan zamanin soket biyu ne a bayan rediyo, babba mai baki 10 da ƙarami mai baki 6, akwai ɗan soket na canji da ake saidawa wanda ke shiga cikinsu daidai, ɗayan gefen kuma wayoyi ne masu irin kalolin da na lissafa maka. Kana zaune bisa tabarma a tsakar gida zaka haɗa shi da na rediyon, ka like da dalma ka rufe, sai ka je mota ka cusa kawai ƙwas. Ranar da zaka saida motar ka zare ka maida na asali.

Usta Riwaya: Wannan soket ɗin ba kullum ake samunshi a Katsina ba. Mu da muke aikin mun saba, mita muke sa wa mu gano kowace waya.

Na Kofar Guga: Ana samu Usta, in ba a samu wajen masu kayan wutar mota na nan ba a yi ma direban Kano magana ya shiga Kofar Ruwa ko Sabon Gari, yau ka aika gobe ya iso. Kawai ka ɗauki hoton soket ɗin motarka ka tura, kar kace "na Hilux" ka yi shiru, zasu baka duk wanda hannunsu ya kai.

Ɗan Daura Mai Wufa: Ni duk wannan ba shine damuwata ba. Baban Ummi amfilifayar nan wat nawa ce? In bata kai 3000 ba ka maida ma ƙanenka abinshi. Tawa 5000 ce, in na taho daga Daura tun ina Mashi ake sanin na taho

Injiniya Ɗan Poly: Ɗan Daura duba gefen amfilifayarka ka faɗa mana fis nawa ne a jiki.

Ɗan Daura Mai Wufa: Guda biyu ne, 25 da 25

Injiniya Ɗan Poly: To amfiya 50 kenan. Mota in tana aiki wutarta wajen bolt 14 ce. 50 sau 14 ya baka 700, kuma ba duka ke zama sauti ba, wani kaso zafi yake zama. Ina 5000 ɗin ta fito? Lambar da suke bugawa da manyan baƙaƙe a kwali ta talla ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da take iya badawa a kai a kai, tana can cikin takarda da ƙananan rubutu. Haka rediyon da aka rubuta ma wat 50 sau 4, fis ɗin bayanshi amfiya 10 ne kacal, abin da yake ba kowace sifika na gaskiya bai wuce wat 14 zuwa 22 ba.

Ɗan Daura Mai Wufa: Kai Injiniya ka cika lissafi, kunne ke ji ba kalkuleta ba 😂

Usta Riwaya: Kunnen ne zai saya maka altaneta? Ba kai ne fitilunka ke lumshewa duk sanda ganga ta buga ba?

Ɗan Daura Mai Wufa: Usta sirrin gareji ai ba a kawo shi guruf

Alhajin Kofar Soro: Salamu alaikum. Ni tambayata ga Baban Ummi, mi zaka riƙa saurare ne da har sai an sa wufa? Na san ka, mutum ne kai mai iyali, daga gona sai kasuwa. In labarai ne da karatu da tafsiri, sifikun ƙofa sun wadatar har sun yi yawa. Yaran nan sun hana mu sakat a unguwa, ana sallar isha'i mota na wucewa tagogin masallaci na rawa. Kuma wanda ya cika motarshi da ƙara baya jin hon na bayanshi, baya jin ɗan acaɓa ko mai Napep, baya jin in wani abu ya fara ƙara a ƙarƙashin motar. Hanyoyinmu kuma kun san halin da ake ciki, direba na buƙatar kunnenshi.

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma Alhaji, wallahi ba don tashin unguwa bane. Yawanci BBC ce da safe, sai Companion FM, sai karatu a filashi. Amma in na ɗauki hanyar Funtuwa ni kaɗai nakan sa kiɗan gargajiya don kar barci ya ɗauke ni, kuma injin dizal ne ga ƙarar taya, sai na ƙure murya sannan nike ji, in na ƙure kuma sai sautin ya dagule.

Injiniya Ɗan Poly: To ka ga Alhaji, nan amfilifaya ke da amfani ko ga mai sauraren karatu. Ba don ƙara ba, don sautin ya fito tas ba tare da an ƙure rediyon ba. Ƙure ƙaramin rediyo har sauti ya dagule shi ke kashe sifika fiye da yawan wat. Amma ni ma shawarata ya fara sa rediyon da sifikun ya yi sati yana ji, ƙila ma ya iske ya ishe shi.

Alhajin Kofar Soro: To Allah ya sa a yi amfani da shi ta hanyar da ta dace. Ɗan Daura kai kuma ka rage in ka zo wucewa ta wajenmu.

Ɗan Daura Mai Wufa: In sha Allahu Baba, na ji

Maman Sadik: Ni nawa ƙorafin daban ne. Maigidana ya kai motarshi aka sa mashi irin wannan wufar, aka kafa wani uban akwati a bayan kujerar baya, yanzu kujerar bata kwanciya daidai, jak da sifana an fiddo su suna yawo a ƙasa ƙarƙashin ƙafafun yara, in zamu Dutsinma gaishe da su Hajiya kowa a takure. Baban Ummi ka tambayi Maman Ummi tukuna kafin ka cinye wurin zaman yara.

Kafinta Na Rafin Daɗi: Hajiya ta faɗi gaskiya, a-kori-kura ba but gare ta ba, matsalar kenan. Mai gida ɗaya bayan kujera kawai gare ka, sai siririn akwati. Mai gida biyu kuma ko bayan kujerar baya ko ƙarƙashin kujerar gaba. Akwai wufa 'yar falala mai amfilifaya a cikinta, inci 8 ko 10, ana tura ta ƙarƙashin kujera ba ta cin wuri. In kau akwati za a yi to a auna wurin da kwali tukuna a yanka a gwada, sannan a taɓa katako, kuma a ɗaure shi da noti, akwatin da ba a ɗaure ba in aka taka burki da ƙarfi kan mutane zai yo. Wasu na cewa a sa a bodin baya, to ka sa, damina ɗaya da ƙurar hunturu ɗaya sun ishe shi, in ma ɓarayi sun bar maka shi.
Sannan sifikun ƙofa, na asali a Toyota da yawa ba noti bane, ribit ne, sai ka huda shi da diril. Sabuwar ba zata zauna a ramin kai tsaye ba sai da zobe. Ka nemi na roba, in katako ne a shafe shi da fenti sosai don ruwa na shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi. Kuma kafin ka maida marfin ƙofa ka sauke gilashi har ƙasa ka ga bai bugi maganaɗisun sifikar ba.

Baban Ummi: Jama'a an samu matsala. Na buɗe dashbod yanzu don in ɗauki hoton soket ɗin kamar yadda Na Kofar Guga yace. Babu soket. Wanda ya riƙe motar kafin ni ko riwayanshi ya yanke duka biyun, an murɗa wayoyi da hannu an naɗe da baƙin salatif, zafi ya narkar da gam ɗin duk ya yi danƙo, guda biyu ma tsirara suke. Akwai wata jar waya siririya da aka jawo daga wani wuri can ƙasa ban san inda ta fito ba.

Usta Riwaya: To Injiniya sai ka aiko mashi da soket daga Kano ya cusa a iska 😄 Wannan shine aikin da muke gani kullum.

Injiniya Ɗan Poly: Na sallama Baba Usta, nan fagenka ne. Koya mashi.

Usta Riwaya: To saurara Baban Ummi, tunda ka nace. Ka warware su duka, ka raba kowace waya daban kada bakinsu ya taɓa juna, ka naɗe bakin kowace da sabon salatif. Sannan ka maida kan batir. Sa mitarka a DC 20, baƙin tsinke a jikin ƙarfen mota inda babu fenti, jan tsinke kana taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, makulli a aljihunka. Wadda ta nuna 12 da ɗoriya ita ce ta dindindin, manna mata takarda ka rubuta. Sa makulli ka murɗa zuwa ACC, wurin da rediyo ke samun wuta ba a tada mota ba, wadda ta kawo wuta yanzu ita ce ta makulli. Kunna ƙananan fitilu, wadda ta kawo ita ce ta hasken dashbod, wannan ita ke ruɗin mutane, in fitila na kashe sai ta yi kamar negetif, mutum ya ɗaura baƙar waya a kanta, dare na yi ya kunna fitila fis ya tashi. Ni baƙar waya bana neman ta cikin tarkacen nan ma, sabuwa nike ja in ɗaure a noti a jikin ƙarfe.
Ka sake cire kan batir. Sauran wayoyin na sifiku ne, guda 8. Nemo batirin tocila ƙarami mai bolt 1.5, ka riƙa taɓa waya biyu a kanshi taɓawa ɗaya ka ɗauke, in ka ji ƙwas a wata ƙofa to waɗannan biyun nata ne. Tunda zaka buɗe ƙofofin ma, sa yaro ya duba maka, in takardar sifikar ta turo waje to wayar da ke gefen fozitif na batirin ita ce fozitif, in ta shige ciki ka juya. In ka haɗa ɗaya daidai ɗaya a juye zasu yi ƙara amma kaurin sautin zai ɓace, kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani.
Kuma kada ka kuskura ka haɗa negetif ɗin sifika da bodi ko ka gama na sifiku biyu wuri guda. Rediyon da can yana haƙuri da haka, na yanzu IC ɗinshi, ɗan abin cikinshi da ke tura sauti ga sifiku, ke ƙonewa.

Na Kofar Guga: Tabɗi, yau Usta ya buɗe makaranta kyauta. Admin a manna wannan a sama.

Usta Riwaya: Jar wayar nan da baka san asalinta ba kuma, ka bi ta da hannu har inda ta fito. In daga batir take kai tsaye ko an soka ta a bayan akwatin fis ba tare da fis ba, cire ta gaba ɗaya. Irinta ce ake haɗa ja da ruwan ɗorawa a kai don rediyo ya yi aiki babu makulli, mota ta kwana biyu a aje a iske batir ya mutu a ce batirin ne jabu.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Usta. Na bi ta, daga bayan abin kunna sigari aka jawo ta. Na cire. Na gano ta dindindin da ta makulli, ƙofofi uku sun amsa, ta baya hagu shiru.

Usta Riwaya: Ko sifikar ta mutu ko wayar ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, wurin buɗewa da rufewa. Zame robar ka duba, yawanci nan ne.

Ɗan Daura Mai Wufa: To a zo maganar amfilifaya mana, ita nike jira

Injiniya Ɗan Poly: Baban Ummi in ka yanke zaka sa ta, ga abin da ba a sassauci a kai. Fis a kan wayar wuta kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kan batirin, in ya fi kusa ma ya fi. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya kanta yake karewa, wannan na wajen batir shi ke kare wayar da motar. Kaurin waya ya bi ƙarfin amfilifayar, ana auna kaurin da geji, ƙaramar lamba ta fi kauri, ƙaramar amfilifaya geji 8 ya isa, in ta kai wat 500 RMS zata iya jan amfiya 45 ko kusa, ka sa geji 4. Kuma ka kula da wayar da ake saidawa cikin leda mai kyalli, da yawa roba ce mai kauri da 'yan silalla a ciki, wasu kuma alminiyom ne aka shafa mashi jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da reza, in cikin fari ne to alminiyom ne, baya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe na gaske. Araha bata ado a nan.
Ka bi da ita ta robar da wayoyin mota suka ratsa daga wajen inji zuwa ciki, nesa da salansa da sandar sitiyari da feda. Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na motar, wayar RCA, mai kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, ta bi ɗaya gefen. Negetif ɗin amfilifaya gajere, kaurinshi ɗaya da na wutar, a kankare fenti har ƙarfe ya yi haske sannan a ɗaure. In ka ji wani siririn kuka a sifika yana hawa yana sauka da totur, kusan kullum wurin ɗaurin nan ne bai kamu ba. In zaka huda ƙasan mota ka leƙa tukuna ka ga mi ke ƙarƙashi, akwai tanki da bututun mai da na burki.

Usta Riwaya: Kuma fis ɗin shine na ƙarshen sakawa, sai an ida komi.

Ɗan Daura Mai Wufa: Sai ka murɗe gen har ƙarshe ka ji daɗin rayuwa

Injiniya Ɗan Poly: Kar ka biye mashi. Gen ba abin ƙara murya bane, daidaita amfilifaya yake da abin da rediyo ke turo mata. Maida shi ƙasa gaba ɗaya, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗaga gen a hankali har ka ji sautin ya fara dagulewa sai ka ɗan dawo baya. Wufa ka sa mata LPF (matacin da ke barin kaurin sauti kaɗai ya wuce) wajen 80 Hz, sifikun ƙofa HPF (wanda ke tare kaurin ya bar sauran) wajen 80 Hz, kowa ya ɗauki kayanshi. Ka kuma duba om nawa wufar take, wato ma'aunin tirjiyarta ga wuta, in 4 ce lafiya lau, amma in ka gama 4 biyu fozitif da fozitif negetif da negetif sun koma 2, ba kowace amfilifaya ke jure wannan ba.

Maman Sadik: Ni dai a bar ma jak wurinshi.

Baban Ummi: Hajiya an bar mashi, Maman Ummi ma tace in akwatin zai taɓa kujerar yara a maida ma mai shi. Rediyo ya tashi jama'a, tashoshi na zama ko na zare makulli, wayar ƙofar baya kuma a cikin robar ta karye kamar yadda Usta yace, na ƙara mata guntu na like. Saura abu ɗaya, rediyon ya zauna amma akwai rata hagu da dama, yatsa na shiga.

Na Kofar Guga: Haka Toyota take, bakinta milimita 200 ne, rediyon kasuwa kuma wajen 180. Akwai 'yan robobi biyu da ake sa wa gefe da gefe su cike, masu saida rediyon na da su. Ka yi amfani da ƙarafunan tsohon rediyon wajen ɗaurewa, kuma da gajerun notin da suka zo cikin kwali, dogo yana iya taɓo allon ciki.

Usta Riwaya: In ka ja wayar amfilifayar kada ka sa fis, biyo da motar gareji bayan la'asar in duba inda ka bi da ita. Ba zan amshi ko sisi ba, ka taho da ƙosai dai.

Direban Charanchi: Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare. Duk wannan bayanin zai yi a motar kaya Canter? Ina da rediyo irin na Baban Ummi a aje.

Usta Riwaya: Tsaya, kar ka haɗa. Batir nawa ne a motar, kuma ya aka gama su? Da yawansu bolt 24 ne, in ka ba rediyon 12 wannan wutar hayaƙi zai yi. Sai da na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, kuma kada wani yace maka ka ja daga batir ɗaya, kashe maka shi zai yi ya bar ɗayan. Sa mita ka auna ka turo mani hoto.